Idan kamfani ya canza hannu: takardun da sabon ubangida ke da hurumin nema daga ma'aikaci

A duk lokacin da kamfani ya koma hannun sabon mai shi, tun kafin a sauke tsohon allo daga bakin ƙofa, sanarwa kan fito daga ofishin kula da ma'aikata cewa kowa ya kawo dosiyensa cikin mako biyu ko wata guda. Ana neman katin ɗan ƙasa, takardar haihuwa, lambar CNSS, takardar aure da ta yara, lambar ajiyar banki, wani lokaci har da kaziye da takardar likita. Mutumin da ya shekara 15 a wurin sai ya ga ana tambayarsa abin da ya bayar tun ranar da aka ɗauke shi. Hankalinsa ya tashi, ya fara tunanin ko share fagen kora ake yi. Galibi ba haka ba ne. Sai dai a cikin irin wannan tattara takardu ne wasu ke asarar shekarun aikinsu ba su sani ba, wasu kuma su miƙa bayanan da babu wanda ke da ikon tambayarsu.

Lamarin ba baƙo ba ne a Nijar. Kamfanin salula na Celtel ya koma Zain a 2008, sannan ya zama Airtel a 2010 bayan da kamfanin Bharti na Indiya ya saye shi. Moov ya shiga hannun Maroc Telecom a 2015. A 2016 gwamnati ta haɗe Sonitel da SahelCom suka zama Niger Telecom, a 2017 bankin BCP na Maroko ya karɓi rinjayen hannun jari a BIA-Niger, a ƙarshen 2019 kuma Orange Niger ya koma hannun Zamani Com. Harkar jigilar kaya ta Bolloré a Afirka ta koma ta MSC a watan Disamba na 2022, aka sake mata suna AGL. Rarraba ruwan famfo ya bar hannun SEEN ya koma na NDE a farkon 2024, kuma a watan Yuni na 2025 gwamnati ta bayyana mai da SOMAÏR mallakar ƙasa. Waɗannan su ne manyan da aka ji a rediyo. Waɗanda ba a ji ba sun fi yawa: gidan mai da aka sayar a Birnin Konni, gidan burodi da aka ba wani haya a Tawa, makarantar kuɗi a Damagaram, ko kamfanin sufuri na wani alhaji a Maradi da ya rasu magada suka karɓa. Doka ɗaya ce ta hau kansu duka.

Kwantiragi yana bin kamfani

Dokar ƙwadago ta Nijar, mai lamba 2012-45 ta ranar 25 ga watan Satumba na 2012, ta yanke magana a wannan wuri. Idan ubangida ya canza ta hanyar gado, sayarwa, haɗewar kamfanoni ko sauya fasalin kamfani, duk kwantiragin aiki da ke gudana a ranar canjin yana nan daram tsakanin ma'aikata da sabon mai wurin. Wannan ƙa'ida tsohuwa ce, tana cikin dokar ƙwadago ta ƙasashen renon Faransa ta ranar 15 ga watan Disamba na 1952, kuma dokokin Nijar da suka biyo baya sun riƙe ta.

A aikace, ma'aikaci ba ya buƙatar a sake ɗaukarsa. Ranar da ya fara aiki ita ce ranarsa. Matsayinsa, albashinsa, hutun da ya tara bai ci ba, duk suna wucewa tare da shi. Ba a sake sa shi lokacin gwaji. Shekarun aiki kuwa kuɗi ne: da su ake lissafin ƙarin albashi na daɗewa a aiki wanda yarjejeniyar gama-gari tsakanin ƙungiyoyin ƙwadago da masu kamfanoni ta tanada, da su ne kuma ake lissafin kuɗin sallama idan an kori mutum.

Akwai bambanci tsakanin iri biyu na canjin hannu, kuma yana da amfani ma'aikaci ya san wanne ne ya same shi. Idan hannun jari kawai aka sayar, kamfanin da ya sa hannu a kwantiragin bai motsa ba, masu shi ne suka canza. Lambarsa ta rajistar kasuwanci, wato RCCM, da lambarsa ta haraji, wato NIF, suna nan yadda suke, ko da an sake suna da launin tambari. A nan dosiyen ma'aikata yana cikin kabad ɗin da yake tun da, kuma abin da ya rage shi ne a cike giɓi. Idan kuwa wani kamfani ne ya haɗiye wani, ko aka sayar da wurin sana'ar ga wani mutum dabam, to sunan ubangida ya canza a takarda, dole a sake bayyana ma'aikata a ƙarƙashin lambar sabon ubangida a CNSS. A irin wannan ne neman takardu ya fi yawa, kuma da dalili. Inda gwamnati ce ta karɓe kamfani, dokar karɓewar kan iya zuwa da nata tanadi game da ma'aikata, don haka wakilansu su nemi takardar su karanta.

Hatsarin yana cikin takardun da ake cusawa a tsakiyar dosiye a ce a sa hannu. Sabon kwantiragi mai ɗauke da kwanan watan yau a matsayin ranar fara aiki yana iya zama hujjar share shekaru goma. Kwantiragi mai wa'adi da aka miƙa wa wanda yake da marar wa'adi ragi ne babba, ko da albashin bai canza ba. Mafi muni ita ce takardar ajiye aiki da ake cewa "ta tsari ce kawai, gobe za a sake ɗaukar kowa". Wanda ya ajiye aiki da hannunsa ba shi da kuɗin sallama, kuma sai ya sha wahala kafin ya gamsar da alƙali cewa tilasta masa aka yi. Idan sabon ubangida yana son takarda mai sunansa, ƙarin shafi ya wadatar, wanda zai ce kwantiragin wane, da ya fara ranar kaza, yana ci gaba da kamfani kaza bisa sharuɗɗansa na da. Wannan ba ya hana sabon mai wuri rage ma'aikata daga baya in ya ga dama, amma sai ya bi hanyar da doka ta shimfiɗa ta kora saboda dalilin tattalin arziki, da zama da wakilan ma'aikata da sanin sufeton ƙwadago, ya kuma biya haƙƙoƙi bisa cikakkun shekaru.

Takardun da ke da dalili

Doka ta ɗora wa kowane ubangida riƙe rajistar ma'aikatansa, da bayyana su a CNSS, da cire harajin albashi yana zubawa a baitulmali. Ba zai iya ko ɗaya ba sai ya san ko wane ne ke masa aiki. Ga shi kuma wanda ya sayi kamfani yakan tarar da dosiye rabi a cike, wasu gara ta ci, wasu ruwa ya jiƙa, wani lokaci da sunayen mutanen da ke karɓar albashi alhali ba a taɓa ganinsu ba. Saboda haka neman katin ɗan ƙasa ko fasfo, da takardar haihuwa, da hoto, da adireshi da lambar waya, abu ne da ba a jayayya a kansa. Haka lambar ajiyar banki da ake kira RIB, in ta banki ake biyan albashi, da sunan wanda za a kira idan hatsari ya faru.

Lambar CNSS ita ce ta fi kowace muhimmanci. Lamba ɗaya ce mutum ke riƙewa duk tsawon rayuwarsa ta aiki, ko ya canza ubangida sau goma. Kowane wata ana cire kashi 5,25 cikin 100 na albashinsa don fansho, ubangida kuma yana zuba kashi 16,40 cikin 100 don fansho da kuɗin iyali da hatsarin aiki. Idan ma'aikaci bai kawo lambarsa ba, ko akawu ya ga ya fi sauƙi ya buɗe masa sabuwa, sai mutum ya wayi gari da lamba biyu, shekarunsa sun rabu gida biyu. Ana iya haɗe su, amma aiki ne na zirga-zirga, kuma yawanci ba a gano matsalar sai ranar da aka je neman fansho.

Takardar aure da takardun haihuwar yara suna da amfani ta fuska biyu. Da su ake samun kuɗin iyali na CNSS, da su ne kuma ake rage harajin albashi na ITS, wanda ke sauka gwargwadon yawan iyalin da ke wuyan ma'aikaci. In kamfani yana da inshorar lafiya, nan ma sai da su. Wanda bai kawo ba bai yi laifi ba, kansa ya yi wa asara. Matsalar da aka fi cin karo da ita ita ce auren da aka ɗaura a masallaci ko a ƙofar gida ba a kai maganarsa meri ba, da yaran da aka haifa a gida ba a yi musu takarda ba. Dokar rajistar haihuwa da aure da mutuwa mai lamba 2019-29 ta ranar 1 ga watan Yuli na 2019 ta ba da kwana 60 don bayyanawa. In wa'adin ya wuce sai an bi ta kotu a samu hukuncin da zai tsaya a matsayin takardar. Abu ne mai yiwuwa, sai dai ba a mako guda ba.

Takardun shaidar karatu da lasisin tuƙi ana nemansu ne idan aikin ya rataya a kansu. Direba dole ya nuna lasisi mai aiki, ma'aikaciyar jinya ta nuna difilominta. Amma wanda aka ɗauka ba da difiloma ba, ya koyi aiki a wurin har ya kai matsayin shugaban sashe, ba a sauke shi don ya kasa kawo takardar da ba a taɓa shardanta masa ba. Wanda kuwa ya shiga da takardar jabu, canjin hannu ba ya wanke shi, kuma a irin wannan bincike ne asiri kan tonu.

Ga ƴan ƙasashen waje, kamar ƴan Najeriya, Benin ko Togo da ke aiki a garejoji, otal-otal da makarantun Maradi da Yamai, akwai ƙari. Kwantiraginsu dole ya zama rubutacce, ya kuma samu amincewar hukumar samar da aikin yi ta ANPE, sannan takardunsu na zama a ƙasa su kasance cikin ƙa'ida. Neman amincewar ANPE nauyi ne na ubangida. Sabon mai kamfani yana da cikakken dalilin duba waɗannan takardu domin shi za a tuhuma idan babu su.

Suna da ranar haihuwa

Wurin da ya fi cin mutane a Nijar shi ne saɓanin rubutu. Mutum ɗaya sai a same shi Mahamadou a takardar haihuwa, Mahaman a katin ɗan ƙasa, Mamane a CNSS. Wani an juya masa sunansa da na mahaifinsa, wata kuma an rubuta ta da sunan mijinta a wani wuri, da na ubanta a wani. Muddin akawun da ya san kowa da fuska yana nan, babu abin da ke faruwa. Ranar da sabon kamfani ya zuba sunaye a kwamfuta, na'ura ba ta san cewa Issoufou da Youssouf mutum ɗaya ba ne, sai banki ya maido da albashi.

Ranar haihuwa ta fi suna hatsari. Dubban ma'aikata takardunsu na cewa an haife su "wajajen" shekara kaza, wasu an sa musu 1 ga watan Janairu, wasu kuma an rage musu shekaru lokacin shiga lakwal ko lokacin jarrabawa, suka tashi da takardu biyu masu shekaru dabam-dabam. Shekarun ritaya a kamfanoni masu zaman kansu 60 ne. Idan dosiyen kamfani ya ce 1966, na CNSS ya ce 1969, ana iya sallamar mutum zuwa ritaya alhali asusun bai yarda ya kai ba, ya zauna shekara 3 babu albashi babu fansho. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma sabon ubangidan da ke neman rage mutane ba zai ƙi irin wannan tsaga ba. Abin yi shi ne ma'aikaci ya shimfiɗa takardunsa duka ya gwada su harafi da harafi kafin ya miƙa. Takardar haihuwa ita ce uwa, sauran daga gare ta suke fitowa. In kuskuren a cikinta yake, kotu ce ke gyarawa. Gyara da alƙalami ko da na'urar fotokopi jabu ne, kuma yana kai mutum gidan kaso.

Kaziye da takardar likita

Waɗannan biyu suna kan iyaka. Kaziye, wato takardar da ke nuna ko kotu ta taɓa hukunta mutum, ana karɓarta a kotun yankin da aka haifi mutum, kuma bisa al'ada ba a karɓar wadda ta wuce wata 3. Ga mai riƙe kuɗi, mai gadi, ma'aikacin banki ko mai kula da yara, neman ta yana da ma'ana. Ga mai shara da ya shekara 12 yana aikinsa ba a taɓa kuka da shi ba, da wuya a nuna amfaninta. Ko an ga wani tsohon hukunci a ciki, wannan kaɗai bai zama dalilin kora ba, sai an nuna alaƙarsa da aikin. Akwai kuma wahalar nesa: wanda ke aiki a Arlit amma an haife shi a Magarya ko Madarumfa ba zai kawo kaziye cikin kwana 5 ba, dole a ba shi lokaci.

Duba lafiyar ma'aikata lokaci zuwa lokaci yana cikin doka, kuma kamfani ne ke ɗaukar nauyinsa. Abin da ke isa teburin darakta shi ne hukuncin likita: wane zai iya wannan aiki, ko ba zai iya ba, ko zai iya da sharaɗi. Sunan cuta, sakamakon gwajin jini da magungunan da mutum ke sha sirri ne tsakaninsa da likita. Fom ɗin da ofishin ma'aikata ya raba yana tambayar cututtukan da mutum ya taɓa yi ya wuce gona da iri.

Abin da ba a tambaya

Aya ta 5 ta dokar ƙwadago ta hana ubangida la'akari da jinsi, shekaru, asali, launin fata, addini, ra'ayin siyasa, naƙasa, cutar sida, ciwon sikila, ko kasancewar mutum cikin sandika, wajen ɗauka, rabon aiki, ƙarin girma, albashi, horo ko kora. Nijar na cikin ƙasashen da suka ambaci sikila da sunanta a dokar ƙwadago, abin da ke da muhimmanci a ƙasar da ciwon ya yawaita. Tunda ba a yarda a yanke hukunci da waɗannan abubuwa ba, babu dalilin tattara su. Fom mai tambayar ƙabila, ɗariƙa ko jam'iyya, ko mai neman a rubuta ƙungiyar ƙwadagon da mutum ke ciki, ko USTN ce ko CDTN ko CNT, ma'aikaci na iya barin gurbin fari. Tilasta gwajin sida ko na sikila haramun ne. Haka tambayar mace ko tana da ciki ko tana da niyyar haihuwa: ita ce za ta faɗa idan lokacin hutunta na haihuwa na mako 14 ya gabato.

Lambar sirri ta katin banki, ta Airtel Money ko MyNita, da kalmar sirri ta Facebook ko WhatsApp, babu ubangidan da ke buƙatarsu don ya biya albashi. RIB ya ishe shi zuba kuɗi. Duk wanda ya nemi lambar sirri, cirewa yake son yi.

Sai maganar takardun asali. Ana iya cewa a kawo na asali a gani, a gwada da kopi, a mayar wa mai su nan take. Riƙe katin mutum, fasfonsa ko difilominsa a kabad ɗin kamfani a matsayin jingina ba shi da tushe a doka. Ƙungiyar ƙwadago ta duniya ta lissafa riƙe takardun shaida cikin alamomin aikin tilas, wanda aya ta 4 ta dokar ƙwadagon Nijar ta haramta. A ƙasar da ake tambayar kati a kowane shingen jami'an tsaro tsakanin Dosso da Diffa, wanda aka riƙe wa kati an ɗaure masa ƙafa ne.

Dokar kare bayanan mutum

Tun 2017 Nijar ke da dokar kare bayanan da suka shafi mutum. Ta farko ita ce mai lamba 2017-28 ta ranar 3 ga watan Mayu na 2017, daga baya mai lamba 2022-59 ta ranar 16 ga watan Disamba na 2022 ta maye gurbinta. Hukumar HAPDP da ke Yamai ce aka ɗora wa sa ido. Dosiyen ma'aikata, na takarda ne ko na kwamfuta, yana ƙarƙashin wannan doka.

Ƙa'idojinta ba su da wuyar fahimta. Ana tattara bayani ne don wata manufa bayyananniya, ba a ɗibar fiye da abin da manufar ke buƙata, ba a juya shi zuwa wani amfani dabam, ba a ajiye shi har abada, kuma wanda ya tattara shi ne ke da alhakin tsare shi. Ma'aikaci yana da ƴancin a gaya masa wane ne ke tattarawa, don me, da wanda zai gani. Yana da ƴancin ya nemi ganin abin da aka rubuta a kansa, ya sa a gyara kuskure, ya kuma ƙi amincewa idan yana da dalili. Lambobin wayar ma'aikata da aka karɓa don aiki ba a miƙa su ga kamfanin inshora ko na bashi ya riƙa damunsu da talla.

Abu biyu sun fi tasowa bayan canjin hannu. Na farko na'urar dangwala yatsa ko ɗaukar fuska a bakin ƙofa, wadda sababbin masu kamfani ke son kafawa don lissafin zuwa da tashi. Zanen yatsa ba kamar lambar waya ba ne, in ya fita ba a canza shi, shi ya sa doka ta sa irin wannan bayani cikin waɗanda sai da izinin HAPDP. Na biyu fitar da bayanai waje. Kamfanin da hedikwatarsa ke Kasabalanka, Dubai ko Beijin yakan so dosiyen kowa ya hau manhajarsa ta can, kuma doka ta gindaya sharuɗɗa kafin a tura bayanan mutane wata ƙasa. Wakilan ma'aikata suna da damar tambaya a rubuce ko an cika waɗannan sharuɗɗa. Kamfanin da ya bi ƙa'ida ba ya jin nauyin nuna takardarsa.

Yadda ake miƙawa

Lokacin canjin hannu lokaci ne na ruɗani, ba a san sababbin shugabanni da fuska ba, kuma ƴan damfara sun san haka. Saƙon WhatsApp daga baƙuwar lamba mai cewa "sabuwar hukumar kamfani" na son hoton kati gaba da baya kafin ƙarfe 6 na yamma bai isa hujja ba. Buƙata ta gaskiya tana zuwa da takardar sanarwa mai sa hannu da hatimi, a manne a allon sanarwa ko ta hannun shugaban sashe, da sunan ofishin da zai karɓa. Hoton katin ɗan ƙasa ya isa a yi rajistar layin waya ko a buɗe asusun tura kuɗi da sunan mutum, ranar da aka aikata laifi da layin kuma ƙofarsa za a ƙwanƙwasa. Amfani da shaidar wani ta hanyar na'ura laifi ne a ƙarƙashin dokar laifukan intanet mai lamba 2019-33 ta ranar 3 ga watan Yuli na 2019, amma kafin gaskiya ta fito mai katin ya kwana a komisariya.

Dabara mai sauƙi ita ce a rubuta a jikin kowace kopi, a gicciye ta yadda ba za a yanke ba, cewa an ba kamfani kaza don dosiyen aiki, ranar kaza. A tura takardu cikin zauren WhatsApp na ma'aikata, inda mutum 80 za su ga takardar auren kowa, kuskure ne ko da shugaban sashe ne ya ce a yi. Wanda ya miƙa dosiye ya rubuta jerin abin da ke ciki kopi biyu, mai karɓa ya sa hannu da kwanan wata a ɗaya ya ba shi. Idan an ce sai kopi legalize, meri ko komisariya ke bugawa, kowace takarda da kuɗin tambur ɗinta. Ga mai iyali babba kuɗin na taruwa, kuma tunda ba ma'aikaci ne ya jawo canjin ba, delege na iya neman kamfani ya ɗauki nauyi ko ya wadatu da ganin na asali.

Ma'aikaci ma yana da nasa abin nema, kuma wannan ne lokacinsa. Ya je ofishin CNSS na jiharsa ya nemi a nuna masa watannin da aka zuba masa, domin cirewa a takardar albashi ba ta nufin kuɗin ya isa asusu. In akwai giɓi, gara a tayar da maganar yanzu, tsohon ubangida yana kusa, ana kan lissafin basussuka tsakaninsa da mai saye. Ya adana kwantiraginsa na farko, takardun albashi, takardun ƙarin girma da lissafin hutunsa a gida, ba a aljihun tebur na ofis ba. Wanda ba a taɓa rubuta masa kwantiragi ba kada ya ɗauka ba shi da komai: doka ta san kwantiragin baki, kuma ana tabbatar da shi da takardar albashi, rajistar zuwa aiki, saƙon tura kuɗi ko shaidu. Ga irinsa, shiga sabon dosiye alheri ne, muddin an rubuta ainihin ranar da ya fara.

Idan aka samu saɓani

Ƙin kawo takardar da ke da dalili, bayan an ba da isasshen lokaci an kuma tunatar a rubuce, yana iya zama laifin aiki, ya kuma jinkirta wa mutum haƙƙinsa. Ƙin amsa tambayar da doka ta hana ba laifi ba ne, kuma korar da aka gina a kansa kora ce ba bisa ƙa'ida ba. Riƙe albashin aikin da aka riga aka yi don dosiye bai cika ba shi ma ba ya cikin hukuncin da doka ta yarda da shi.

Matakin farko delege ne, waɗanda ake zaɓa a duk wurin da ma'aikata suka haura 10. Ba a korarsu sai da izinin sufeton ƙwadago, kuma hakan ne ke ba su bakin yin tambayar da ma'aikaci shi kaɗai zai ji tsoron yi. Takarda ɗaya da sunan kowa ta fi ƙorafin mutum ɗaya nauyi. In ba a daidaita ba, ofishin sufeton ƙwadago yana nan a babban birnin kowace jiha, yana kiran ɓangarorin biyu ya gwada sulhu, ya rubuta abin da aka cimma ko aka kasa. Daga nan sai kotun ƙwadago, inda shigar da ƙara kyauta ne. Neman bashin albashi yana da wa'adi a doka, don haka ba a barin magana ta kwana shekaru. Abin da ya shafi bayanai kuwa, kamar fallasa dosiye, tattara zanen yatsa ba izini, ko hana mutum ganin abin da aka rubuta a kansa, ana kai kukansa a rubuce ga HAPDP, tare da kopin sanarwar kamfani da takardar shaidar miƙa dosiye.